A Dubi Mazaunin Inji Kafin A Zargi Boris

Wanda ya saba zuwa rumfar niƙa a Tamawa, ko a sauran garuruwan da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, yana iya bambance injin da ke cikin ƙoshin lafiya da wanda ke jinya tun kafin ya ƙarasa wurin. Mai lafiya gunji ɗaya yake yi, ba hawa ba sauka. Mai jinya kuwa karkarwa yake yi kamar mai masassara, kwanon rufin rumfa na amsawa, notuna na kwancewa da kansu, mai injin kuma ba ya rabuwa da sifana a aljihu. Bayan 'yan makonni sai boris ya ɗauki zafi ya mutu. A rufe rumfa, a tafi Dutsin-Ma ko Katsina neman sabo, mata su koma ga turmi, ko su aika yara wani gari da niƙa a ka. A ɗaura sabon boris, shi ma ba da jimawa ba ya bi sahun ɗan'uwansa.

In aka tambayi mai injin dalili, amsarsa ba ta wuce biyu. Ko dai ya ce kayan yanzu duk jabu ne, ko kuma ya ce aikin gida dama ba ya ƙarko. Akwai jabun boris a kasuwa, wannan ba abin musu ba ne. Amma sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Cutar tana ƙasa, a wurin da ba mai kallo, wato a gadon ƙarfen da mai walda ya haɗa, wanda aka ɗora injin da kan niƙan a bisansa. Musamman ma tana a 'yan wuraren nan masu faɗin tafin hannu inda ƙafafun inji ke sauka a ɗaure su da noti. Waɗannan wurare su ne mazaunin inji. Matuƙar ba su kwanta a shimfiɗe ɗaya ba, to ko daga Jamus aka kawo boris ɗin, kwanansa ƙidayayyu ne.

Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, wannan aibi bai samo asali daga rashin basirar masu walda ba, bai kuma buƙatar a jira wata babbar masana'anta kafin a magance shi. Ya samo asali ne daga wata ɗabi'a ta ƙarfe da kowane ɗalibin kimiyya ya karanta a aji, da kuma rashin al'adar awo a wuraren sana'a. Makarantu na da hannu a cikin wannan rashi, saboda haka suna da hannu a cikin gyara.

Abin da wuta ke yi wa ƙarfe

Darasin ba baƙo ba ne: ƙarfe na miƙewa in ya ji zafi, yana tsukewa in ya huce. Sandar ƙarfe mai tsawon mita 1, in zafinta ya ƙaru da digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, za ta ƙara tsawon kusan milimita 1.2. Wannan ne ya sa aka bar 'yar tazara tsakanin ƙarafan tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa Funtuwa. Ɗalibai kan haddace wannan su rubuta a jarrabawa, su ci maki, a wuce wurin. Ɓangaren da ba a cika faɗa musu ba shi ne abin da ke faruwa in aka hana ƙarfen miƙewa.

A ɗauki guntun ƙarfe a matse shi tsakanin muƙamuƙan bais, wato matsin nan na ƙarfe da ke kafe a teburin makanikai, sa'an nan a gasa tsakiyarsa da wuta har ya yi ja. Yana son ya miƙe, bais ya hana shi, ga shi kuma ya yi laushi, don haka sai ya kumbura ta gefe. Da aka janye wutar ya fara hucewa, ba abin da ya hana shi tsukewa. Sai a ga ya sulale ya faɗi ƙasa, domin ya zama gajere fiye da yadda yake tun farko. Ƙarfin da ke cikin wannan al'amari ba na wasa ba ne. Lissafi ya nuna in aka hana ƙarfe miƙewa, ƙarin zafin digiri 100 kacal na haifar da matsin da ya kai kusan tan 2.4 a kan kowace murabba'in santimita, wanda ya yi daidai da iyakar abin da ƙarfen gini na yau da kullum ke iya jurewa kafin ya sauya siffa har abada. A kan ƙarfe mai kusurwa, irin wanda masu walda ke kira angul, mai faɗin milimita 50 da kaurin milimita 5, wannan ya haura nauyin tan 11.

To, walda ba digiri 100 take yi ba. Ƙarfe na narkewa ne a wajen digiri 1,500, kuma a ɗan siririn layi kawai, alhali sauran jikin gadon na nan da sanyinsa. Sanyayyen ɓangaren shi ne bais ɗin. Layin waldar na hucewa yana tsukewa, yana janyo duk abin da ke manne da shi zuwa gare shi, kamar dai yadda tabon ƙuna ke tattare fatar da ke kewaye da shi. Ƙarafa biyu da aka haɗa a kusurwa madaidaiciya sai su sunkuya wajen da aka yi waldar. Doguwar sanda da aka bi gefe ɗaya nata da walda sai ta lanƙwashe kamar baka. Gado mai kusurwa huɗu sai ya murɗe, kusurwa ɗaya ta ɗaga. Wannan na faruwa a rumfar walda ta bakin kasuwar Dutsin-Ma, yana kuma faruwa a tashar ƙera jiragen ruwa ta Japan. Bambancin kawai shi ne can an san zai faru, an yi masa tanadi.

Akwai kuma wani kuskuren fahimta da ke ƙara dagula lamarin, kuma masu saye sun fi masu walda laifi a cikinsa. Mutane na ɗauka cewa walda mai kauri, wadda aka lafta kamar an yaɓa laka, ita ce alamar aiki mai ƙarfi. Mai saye ya zo ya shafa ta ya ce, "Wannan mutum bai yi rowar sandar walda ba." Alhali in aka ninka kaurin waldar kusurwa daga milimita 4 zuwa 8, narkakken ƙarfen da aka zuba ya ninku sau huɗu, zafin da aka shigar ya ƙaru ƙwarai, murɗewar ma haka. Ga kuma al'adar kwara wa aiki ruwa yana ja domin a samu a taɓa shi da wuri. A kan ƙarfen da aka tsinto daga tsofaffin motoci, wanda ba wanda ya san sinadaran da ke cikinsa, wannan na iya mai da wurin waldar mai tauri da saurin tsagewa.

Shi kansa ƙarfen da aka sayo sabo daga Ƙofar Ruwa a Kano ba a shimfiɗe yake sosai ba. An murza shi ne yana da zafi, ya huce yadda ya ga dama, bayansa da ɓawon baƙi, wani lokacin da ɗan lanƙwasa. Don yin ƙyauren shago ko tagar gida wannan bai dame kowa ba. Don zaunar da inji kuwa magana ce dabam.

Duwatsun murhu uku, ƙafafun inji huɗu

Tun kafin a rubuta littafin lissafi, matan Hausa sun san tukunya ba ta rawa a kan duwatsu uku. Ko duwatsun ba su yi tsayi ɗaya ba, tukunyar za ta karkata ne kawai, amma za ta taɓa dukansu. Masana lissafi sun faɗi wannan da nasu harshe, cewa ɗigo uku ne ke tsayar da shimfiɗa. Da an ƙara na huɗu, sai fa in ya dace da shimfiɗar da ukun farko suka tsayar, in ba haka ba ya zama a sama ko a ƙasa. Shi ya sa teburin aji mai ƙafa huɗu ke rawa har sai an cusa masa takarda.

Mafi yawan injuna ƙafa huɗu gare su. In aka ɗora inji a kan murɗaɗɗen gado, ƙafa uku za su zauna, ta huɗu ta rage a sama da ɗan rata, wataƙila rabin milimita, abin da ido ba zai kama ba. Sai mai ɗaurawa ya sa sifana ya ja noti iya ƙarfinsa har ratar ta rufe, ya share gumi ya ce ya zauna daram. Ratar ba ta tafi ko'ina ba. An mai da ita cikin jikin injin ne. Ko dai gadon ya lanƙwaso sama, ko gangar jikin injin ta murɗe ƙasa, ko su raba. Gidajen boris guda biyu da aka ƙera su fuskanci juna sai su ɗan kauce, sandar da ke juyawa a cikinsu ta riƙa juyawa a takure. In ƙafar ta ƙarfen zubi ce, wanda ba ya lanƙwasa sai dai ya karye, wata rana a ji ta ce ƙas.

A yi la'akari da ɗan lissafin nan. Rata ta rabin milimita a kan ƙafafun da ke da tazarar santimita 20 tsakaninsu na nufin karkata ta milimita 2.5 a kowace mita. Ƙaramin injin fetur irin wanda ake ɗaura wa injin markaɗe na iya juyawa sau 3,600 a minti ɗaya, wato sau 216,000 a awa. Kowane juyi ɗaya, ƙwallayen boris na bi ta wurin da aka takure su. Bugu da ƙari, binciken da injiniyoyin Suwidin guda biyu, Lundberg da Palmgren, suka wallafa a 1947 ya tabbatar da ƙa'idar da masu ƙera boris ke aiki da ita har yau: in aka ninka nauyin da boris mai ƙwallaye ke ɗauka sau biyu, tsawon ransa na komawa kashi ɗaya cikin takwas. Boris ɗin da zai yi shekara biyu ke nan sai ya ƙare a wata uku. Mai inji ya ce jabu ne.

Gaskiya ne injin da ke aiki da bel yana da ɗan haƙuri, domin bel na shanye wani ɓangare na karkata, ko da yake yakan rama ta hanyar cinyewa ta gefe da tsalle daga kan fuli. Inda babu haƙuri ko kaɗan shi ne inda aka haɗa sanduna biyu kai da kai, kamar inji da famfon ban-ruwa, ko inji da na'urar ba da lantarki. A irin wannan haɗi, masu aikin manyan masana'antu ba sa yarda ratar ƙarƙashin ƙafa ta wuce milimita 0.05, wato kusan rabin kaurin takardar littafin rubutu. Manomin rani da ke jan ruwa a ƙasan madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, in famfonsa ya tsaya kwana huɗu tumatir na fure, asararsa ta wuce kuɗin boris nesa ba kusa ba.

Ido ba mudu ba

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A cinikin hatsi wannan magana na da gaskiya. A nan kuwa rabinta na farko kaɗai ke aiki. Ido ba ya ganin rabin milimita a kan tsawon mita ɗaya. Injin gurza na hannu, wanda masu walda ke goge aiki da shi har ya yi ƙyalli, shi ma ba ya samar da shimfiɗa. Yana bin tudu da kwarin da ya tarar ne, sau da yawa ma ya ƙara nasa. Ƙyalli dabam, shimfiɗa dabam.

To, da me ake gane abu ya shimfiɗu? Sai an gwada shi da wani abin da aka tabbatar a shimfiɗe yake. Shi kuma wancan da me aka gwada shi? Wannan tambaya ta daɗe tana damun maƙeran Turai. In aka goga faranti biyu da juna har suka haɗu tsaf, wannan bai nuna sun shimfiɗu ba, domin ɗaya na iya yin kwari ɗaya ya yi doro su dace da juna. Duk wanda ya dubi tsohon dutsen niƙa da ɗansa ya ga wannan: shekara da shekaru suna gugar juna, sun dace sarai, amma uwar ta zama kamar akushi.

Amsar ta fito fili a hannun Joseph Whitworth, wani Bature ɗan Ingila da aka haifa a 1803, wanda ya yi aiki a ma'aikatar Henry Maudslay a Landan, ya kuma gabatar da bayanin hanyar a taron masana a Gilasgo a 1840. Dabarar ita ce a yi aiki da faranti uku. A daidaita na ɗaya da na biyu, na ɗaya da na uku, sa'an nan na biyu da na uku, a yi ta zagayawa. In na ɗaya kwari ne, to na biyu da na uku duk za su zama doro, kuma doro biyu ba za su taɓa kwanciya a kan juna ba, nan take asiri ya tonu. Hanya ɗaya tak ce faranti uku za su dace da juna ko ta yaya aka haɗa su, ita ce dukansu su zama a shimfiɗe. Kayan aikin ba su wuce ɗan launi da ake shafawa a faranti ɗaya don ya nuna tuddan ɗayan, da wani ƙarfe mai kaifi da ake kankare tuddan da shi ba. Ba lantarki, ba kwamfuta. Daga irin waɗannan faranti ne aka samu gadajen injunan da suka ƙera sauran injuna.

Tun daga lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka koma yin teburin awo da dutse mai tauri, irin wanda ake kira giranait, saboda ba ya tsatsa, ba ya kuma saurin sauya siffa. Abin lura ne cewa manyan duwatsun da suka ba Dutsin-Ma sunanta daga wannan dangi suke. Ana fasa irinsu a yi tsakuwar gini, alhali a wasu ƙasashe ana goge danginsu a sayar wa duniya a matsayin ma'auni.

Walda tukuna, daidaitawa daga baya

Ƙa'idar da manyan ma'aikatu ke bi gajeriya ce: ba a neman shimfiɗa kafin walda, ana nemanta ne bayan an gama duk wani aikin wuta. Sukan manna ƙananan faranti masu kauri a daidai inda kowace ƙafa za ta sauka, su bar musu rarar 'yan milimitoci. Sa'an nan a sa gadon gaba ɗaya cikin tanderu a kai shi digiri 600 zuwa 650, a bar shi kimanin awa ɗaya ga kowane kaurin milimita 25, a bar shi ya huce sannu a hankali a ciki. Wannan na sassauta ɗaurin da walda ta bari a cikin ƙarfen, wanda in ba a sassauta shi ba yakan sa gadon ya motsa da zarar an fara sassaƙarsa. Daga nan sai a ɗora shi a kan injin sassaƙar ƙarfe a share saman faranti huɗun a zama ɗaya, ba tare da an kwance shi ba. Hikimar faranti ita ce, ba sai an daidaita dukan gadon ba, wuraren da ƙafa ke taɓawa kaɗai ake bukata.

Mai walda na Kurfi ba shi da tanderu, ba shi da injin sassaƙa, wutar lantarki ma sai ya tayar da janareto. Duk da haka mafi yawan aibin ana iya kauce masa da tsarin aiki kawai. A fara da haɗa gadon a wuri madaidaici, a matse shi, a ɗiga walda kaɗan-kaɗan a kowace mahaɗa, a auna kusurwa zuwa kusurwa a tabbatar tsawon biyu ɗaya ne kafin a ci gaba. Kada a gama gefe ɗaya sa'an nan a koma ɗayan. A yi kaɗan nan, a tsallaka kishiyarsa a yi kaɗan, domin jan wannan ya soke jan wancan. Doguwar mahaɗa a yi ta gutsure-gutsure da tazara, kowane gutsure a ja shi baya zuwa inda na gabansa ya fara. A bar aiki ya huce da kansa kafin a kwance matsi. Gogaggun masu walda kan karkatar da ƙarfe kaɗan zuwa baya tun kafin su fara, don in waldar ta ja shi ya dawo daidai. Da yawansu sun gano wannan da kansu ba tare da sun san sunansa a littafi ba, kuma sun cancanci yabo.

Gwajin murɗewa kuwa zare biyu ne kawai. A ja ɗaya daga kusurwa zuwa kishiyarta, a ja ɗayan haka nan, su gitta a tsakiya. In kusurwoyi huɗun na kan shimfiɗa ɗaya, zaruruwan za su taɓa juna da kyar, ko wanne aka ɗora a sama. In aka ga rata, ko aka ga ɗaya na danne ɗaya, gadon ya murɗe, kuma ratar da aka gani a tsakiya rabin kuskuren da ke kusurwa ce. Don daidaita saman faranti, gilashi mai kauri na iya zama teburin awon talaka. Tun da kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana hanyarsa a 1959, ana yin gilashi ne ta hanyar malala shi a kan narkakken kuza, shi ya sa yake fitowa a shimfiɗe ƙwarai. A shafa masa ɗan baƙin fitila da aka kwaɓa da mai, a goga a kan faranti, wurin da ya ɗauki baƙi shi ne tudu, a ci shi da magagari, a sake gwadawa. Aiki ne na haƙuri, amma na yini ɗaya ne.

Abin da ya rage bayan wannan sai a cike shi da siraran falle na ƙarfe. A ɗaure notuna huɗu, a riƙa sassauta su ɗaya bayan ɗaya. Ƙafar da ta ɗaga da aka sassauta ta, ita ce mai rata. A auna ratar da siraran ma'aunan nan da makanikai ke gwada bakin fulogi da su, a yanka falle mai wannan kauri wanda zai rufe tafin ƙafar duka, a cusa. Kada fallayen su wuce uku ko huɗu a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, in sun yi yawa sai su zama kamar katifa. Kwali da robar taya da tsinken ashana, waɗanda aka saba gani, ba su da wuri a nan. Haka kuma shi kansa gadon, in aka ɗaure shi da ƙarfi a kan daɓen da bai daidaita ba, zai sake murɗewa, duk wahalar ta tashi a banza. A zaunar da shi a kan wurare uku tukuna, a daidaita, sa'an nan a cike ƙarƙashinsa da siminti.

Wa zai biya, wa zai koyar?

Za a ce duk wannan ƙarin lokaci ne, kuma mai saye ba zai biya ba. Wannan ƙorafi na da ƙarfi. Mai walda da ya ɓata yini guda yana goge faranti zai ga abokin cinikinsa ya tafi rumfar gaba inda aka rage masa kuɗi, tun da a ido gadajen biyu ɗaya ne, fenti ɗaya ma aka shafa musu. Matuƙar mai saye bai san abin da zai duba ba, kasuwa za ta ci gaba da hukunta mai kyakkyawan aiki. Saboda haka gyaran ba zai fara daga rumfar walda kaɗai ba. Ranar da masu sayen injin niƙa da na casar shinkafa suka fara zuwa da zare a aljihu, suna cewa a ɗora injin a gabansu a sassauta noti su gani, ranar ce aikin kirki zai fara samun farashinsa.

Wasu kuma na ganin matsalar ƙere-ƙere a ƙasar nan ba za ta warware ba sai Ajakuta ta tashi. Samar da ƙarfe abu ne muhimmi, ba shakka. Amma an buɗe masana'antar murza ƙarfe a Katsina tun 1982, kuma samuwar ƙarfe a kusa bai koya wa kowa awo ba. Ƙarfe ɗanyen kaya ne. Abin da ke mai da shi inji shi ne daidaito, shi kuma daidaito a aji da ɗakin gwaji ake shuka shi. Lokacin da aka shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, an sayo kayan koyar da fasaha masu yawa, kuma sananne ne cewa a makarantu da dama sun tsufa cikin akwatunansu saboda rashin lantarki ko rashin malami. Darasin da ke cikin wannan shi ne a fara da abin da ba ya jiran lantarki.

Yankin nan ba matalaucin makarantu ba ne. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke yaye malamai a garin, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina, ga makarantun sakandare na kimiyya da na sana'a. Ba kowane mai walda ne ke bukatar injin sassaƙar ƙarfe nasa na kansa ba, kamar yadda ba kowane gida ke da injin niƙa ba. Inji ɗaya da teburin awo ɗaya a wata makaranta, da rana ɗaya a mako da masu sana'a za su kawo gadajensu a share musu mazauni a kan kuɗi kaɗan, sun isa su sauya ingancin abin da ake ƙerawa daga Dutsin-Ma har Kurfi. Makanikai sun riga sun saba da irin wannan tsari, domin in kan injin mota ya lanƙwashe saboda zafi, ba su goge shi da hannu, sukan kai shi inda ake share shi da inji su biya. Ɗaliban makarantar kuma za su samu aikin gaske da za su koyi awo a kansa, maimakon guntun ƙarfen da ake gogewa don maki a jefar.

Malamin kimiyya na sakandare ma ba sai ya jira wannan ba. Darasin miƙewar ƙarfe da darasin shimfiɗa a lissafi suna cikin manhaja, abin da ya rage shi ne a fitar da su daga allo. Guntun ƙarfe da bais da wutar maƙera sun isa gwajin farko. Na biyu kuwa, sai a nemi izinin wani mai niƙa a Tamawa, a je da sassafe kafin ya tayar da inji, da zare biyu, da rula, da sifana, da littafin rubutu ɗaya wanda za a yayyage. Kowace takarda kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ce. Ɗalibai su sassauta noti ɗaya bayan ɗaya, su ƙirga takarda nawa ke shiga ƙarƙashin kowace ƙafa, su rubuta, sa'an nan su tambayi mai injin sau nawa ya sauya boris tun daga kaka, kuma na wane gefe ne ya fi mutuwa.